Gidan 'Yar Tsana A Japan: Sana'ar Da Ta Dogara Ga Haihuwar 'Ya Mace

Daga Wakilinmu

Ran 3 ga watan Maris na kowace shekara mutanen Japan su kan yi wani biki da su ke kira Hinamatsuri, watau bikin 'yan tsana, wanda kuma a ke yi wa laƙabi da Ranar 'Yan Mata. Tun daga cikin watan Fabrairu, a gidan da ke da 'ya mace, a kan fito da akwatunan da aka adana tun bara, a kwance takardun da aka naɗe kaya da su, a kafa wata 'yar matakala a ɗaki, a lulluɓe ta da jan mulufi. Bisa wannan matakala ne a ke jera 'yan tsana sanye da tufafin fada irin na shekara dubu da ta wuce, tare da kayan ɗakinsu, da fitilunsu, da itatuwansu. Kowane abu ɗan mitsitsi ne, amma an yi shi tamkar na gaske.

Wanda ya ga hoton wannan jere zai iya ɗauka wasan yara ne kurum. Alhali kuwa kowane ɗan akwati da bai fi tsawon yatsa ba ya bi ta hannun masassaƙi, da mai shafe, da mai zanen zinariya, da maƙeri, waɗanda kowannensu ya yi shekaru yana koyon sana'arsa. Waɗannan masu sana'a, da yadda su ke aikinsu, da kuma halin da sana'ar ta shiga a yau, su ne abin da za mu duba a wannan shafi.

ASALIN AL'ADAR

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifi wannan biki. Na farko wasan 'yan tsana ne na 'ya'yan fadawa a zamanin da a ke kira Heian, daga shekara ta 794 zuwa ta 1185, sa'ad da fadar Sarkin Japan ta ke birnin Kyoto. A cikin Labarin Genji, littafin da wata mata ta fada mai suna Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11, an ambaci wata yarinya tana wasa da 'yan tsana da ƙananan gidajen da aka yi musu. Wannan ya nuna cewa gidan 'yar tsana ya yi shekara dubu a wannan ƙasa.

Na biyu kuwa wata tsohuwar al'ada ce ta tsarkakewa. Bisa ga imaninsu, mutum ya kan shafa wata 'yar siffa ta takarda ko ta ciyawa a jikinsa, sa'an nan ya sake ta a kogi don ta tafi da cuta da rashin sa'a. Har yanzu a na yin haka a wasu wurare, kamar Mochigase a lardin Tottori. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, al'adun nan biyu suka zama ɗaya, aka tsayar da rana ta uku ta wata na uku, jere kuma ya koma hanyar yi wa 'ya mace fatan lafiya da aure mai albarka. A bisa al'ada kakanni na wajen uwa ne ke sayen kayan jeren a shekarar farko ta haihuwar yarinya.

YADDA A KE JEREN

Cikakken jere yana da hawa 7 da 'yan tsana 15. A hawa na sama akwai sarki da sarauniya, bayansu an kafa allon kariya mai naɗewa mai ruwan zinariya, da fitila ɗaya a kowane gefe. Ƙasa da su akwai matan fada 3, sai makaɗa 5, sai dogarai 2, ɗaya dattijo ɗaya saurayi, sai barori 3. A gefen barorin a kan ajiye 'yan itatuwa biyu, ɗaya na furen sakura, ɗaya na wani irin lemo da a ke kira tachibana. Ba a zaɓe su da ka ba. Irin waɗannan itatuwa biyu ne ke tsaye a gaban babban zauren fadar Kyoto, sakura a hagun sarki, lemon a damansa.

Hawa biyu na ƙasa su ne na kaya, kuma nan ne mai karatu zai ga abin da ya sani, domin kayan ɗakin amarya ne aka ƙanƙanta. Akwai kabad mai aljihuna, da doguwar adaka ta ajiye shimfiɗa, da madubi bisa mazauninsa, da akwatin ɗinki, da kaskon wuta, da kayan dafa shayi, da akussa masu hawa-hawa na zuba abinci. Daga ƙarshe ga keken shanu irin na fadawa, ga kuma ɗan ɗakin nan da a ke ɗaukar manyan mata a ciki bisa kafaɗa. A gidajen sarauta na zamanin Edo, in za a yi wa gimbiya kayan aure, a kan yi mata ƙananan kwatankwacinsu da zane iri ɗaya da tambarin gida iri ɗaya, ta tafi da su ɗakin miji. Gidan adana kayan tarihi na Tokugawa da ke Nagoya, wanda aka buɗe a 1935, ya kan baje irin waɗannan kaya na gidan sarautar Owari a lokacin bikin.

A yankin Kyoto da Osaka kuwa, maimakon matakala kaɗai, an fi son a gina wa 'yan tsanan fada sukutum, mai ginshiƙai da baranda da matakalar shiga, a na kwaikwayon zauren sarki. Sunan wannan salo goten-kazari. Gunduwa-gunduwa a ke yin ginin, a harhaɗa shi in biki ya zo, a wargaza shi in ya wuce. Wani ma ba a sa masa rufi, don haske ya sauka bisa fuskokin 'yan tsanan. A wannan yanki har ƙananan murahu da tukwane da rumbun kwanuka a kan ajiye, yarinya ta riƙa wasa da su tana koyon aikin gida. Wannan salo ya ja baya a wajajen shekarun 1960, jeren matakala na Tokyo ya mamaye kasuwa.

DOKAR DA TA JAWO ƘANƘANTA

Abin mamaki shi ne hukuma tana da hannu wajen gwanintar da aka samu a wannan sana'a, ko da ya ke ba nufinta ke nan ba. A farkon ƙarni na 18 attajiran birnin Edo, wanda shi ne Tokyo ta yanzu, sun shiga gasar nuna arziki da manyan 'yan tsana masu tufafin alharini da zaren zinariya. Gwamnatin Shogun, watau shugaban mulkin soja na lokacin, ta ga abin ya zama almubazzaranci. Saboda haka a shekara ta 1721 ta kafa doka cewa kada tsawon 'yar tsana ya wuce awo 8 na ma'auninsu, wajen inci 9 da rabi ke nan. Daga bisani an sake tsananta irin wannan doka a ƙarshen ƙarnin.

Masu sana'a da masu saye ba su saɓa wa dokar ba, sai dai suka juya gasar. Tun da an hana girma, sai aka koma takarar wane ne zai fi iya ƙanƙantawa. Aka fara yin 'yan tsanan da ba su fi gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, waɗanda a ke kira keshi-bina, an ɗauko sunan daga wata ƙwayar fure da ba ta kai riɗi girma ba. Wani kanti mai suna Nanasawaya a unguwar Ikenohata ta birnin Edo ya yi suna ƙwarai wajen ƙananan kayan ɗaki, har kuɗin wasunsu ya kan zarce na manyan. Kuɗin da hukuma ta so a daina kashewa bai ragu ba, amma sana'ar ta sami wata irin ƙwarewa wadda ta zauna har yau.

HANNAYEN DA KAYA KE BI

Galibin ƙananan kayan jeren da a ke sayarwa a Japan daga lardin Shizuoka su ke fitowa. Masu tarihin garin suna danganta wannan ga masassaƙa da masu shafe da aka tara daga sassan ƙasar don gina manyan wuraren ibada na yankin a zamanin Edo, waɗanda da aiki ya ƙare suka yi zamansu. Ba mutum ɗaya ke yin kaya daga farko har ƙarshe ba. Masassaƙi ne ke fara yanka katako sirara ya haɗa su, kuma a kabad mai kyau kowane aljihu yana jawuwa yana komawa kamar na babba. In ya yi kuskuren da bai fi kaurin takarda ba, aljihun ba zai shiga ba.

Daga nan sai mai shafe. Abin da ya ke shafawa ƙaro ne na wani itace da a ke kira urushi. Sai itacen ya shekara 10 zuwa 15 kafin a fara tsaga ɓawonsa, kuma abin da a ke samu daga itace guda a kaka ɗaya bai fi giram 200 ba. Ɗanyen ƙaron yana sa ƙuraje da ƙaiƙayi a fatar wanda bai saba da shi ba. Wani abin lura kuma shi ne ba rana ko iska ke busar da shi ba, danshi ne ke sa shi ya daskare. Don haka bayan kowane shafi a kan sa kayan cikin wani kabad na katako da aka jiƙa cikinsa da ruwa. In ya daskare a goge shi da gawayi, a sake shafawa, a sake mayarwa. Ƙura ɗaya in ta faɗa bisa ɗanyen shafi ta ɓata shi, kuma a jikin abin da bai fi ɗan akwatin ashana ba babu inda aibi zai ɓuya. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙaron da a ke amfani da shi a Japan daga waje a ke shigo da shi, musamman daga ƙasar Sin. Na gida kuwa mafi yawansa daga Joboji ne a lardin Iwate.

Na uku shi ne mai zanen zinariya, aikin da su ke kira maki-e. Ya kan zana reshe ko fure da siririn buroshi da ɗanyen ƙaro, tun bai daskare ba ya barbaɗa garin zinariya ta cikin ɗan bututu mai rariya a baki, garin ya manne a inda aka zana kaɗai. Na ƙarshe maƙeri ne, mai yin mariƙai da ƙarafan kusurwa waɗanda sai da matsefata a ke iya ɗaukarsu.

Su kuwa 'yan tsanan kansu, garin Iwatsuki da ke arewa da Tokyo ya shahara da su. Yankin na masu yin kabad ne da katakon wani itace mara nauyi mai suna kiri. Garin katakon da ke zuba a wurin sassaƙa shi a ke kwaɓawa da kunun sitaci, a danna cikin mazubi a fitar da kai. Sa'an nan a shafe fuskar sau da dama da farin garin katantanwar teku da aka dama da gam, har ta yi sumul. A shekara ta 1927, da yaran Amurka suka aika wa makarantun Japan 'yan tsana fiye da 12,000 don neman zumunci, Japan ta rama da 58 kacal, amma kowace da 'yan akwatunanta da kayan shayinta na irin wannan aiki.

AWON GIDA

Ban da kayan biki, akwai masu sha'awa a Japan da wasu ƙasashe da ke gina ƙaramin gida irin na gargajiyar Japan da hannunsu. Awon da aka fi bi shi ne inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, watau kashi ɗaya cikin 12. Da wannan awo aka gina shahararren gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary ta Ingila, wanda aka gama a 1924.

Gidan Japan yana da sauƙin lissafi ta wani fanni, domin da tabarma a ke auna ɗaki. Tabarmar, wadda su ke kira tatami, tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, wajen ƙafa 6 da ƙafa 3, ko da ya ke ta Kyoto ta ɗan fi ta Tokyo girma. In aka ƙanƙanta ta sai ta koma inci 6 da inci 3. Ɗaki mai tabarma 6 kuwa zai zama inci 12 da inci 9. Shimfiɗa su ma da ƙa'ida: a ɗakin zama ba a bari kusurwoyin tabarma huɗu su haɗu wuri guda. Wanda ya san gidan Japan da kallo ɗaya zai gane in an yi wannan kuskure.

Wahalar tana wajen kaurin abubuwa. Ciyawar fadamar da a ke saƙa tabarmar gaske da ita, in an sa ta a ƙaramin ɗaki sai ta zama kamar kara, don haka a kan nemi ƙyalle mai siraran layuka a manna bisa kwali, a yi masa baki da siririn ƙyalle mai duhu. Ƙofofin da a ke turawa gefe, masu ragar katako da farar takarda, a kan yi su da tsinke-tsinken katako da takardar Japan mafi sirantaka, a sassaƙa musu 'yar hanya a sama da ƙasa don su riƙa zamewa. Tun da ɗakin Japan ba shi da tarkace, kaya kaɗan a ke sawa: ɗan gajeren tebur, da matasan zama, da wani lungu a bango inda a ke rataya zane guda a ajiye fure guda. In aka cika ɗakin da kaya ya tashi daga na Japan.

LAMBU A CIKIN FARANTI

Gidan Japan ba ya cika sai da lambu, kuma ƙanƙanta lambu tsohuwar sana'a ce mai zaman kanta a can. A cikin wasu zane-zane na shekara ta 1309 an nuna 'yan itatuwa da duwatsu da aka shirya cikin faranti a gidan wani babban mutum. Akwai bonseki, inda a ke zuba farin rairayi bisa baƙin faranti a share shi da gashin tsuntsu har ya ba da siffar teku da tsaunuka. Akwai kuma hakoniwa, watau lambun akwati, mai 'yan gadoji da gidaje da hanyoyi.

Mai yin ƙaramin lambu ƙa'idodin babban lambu ya ke bi, kuma an rubuta wasunsu tun ƙarni na 11 a wani littafi mai suna Sakuteiki. Da duwatsu a ke farawa. Ba a ɗora dutse bisa ƙasa kamar an yar da shi, sai an binne gindinsa don a ga kamar a nan ya tsiro. Ba a jera su a layi, ba a kuma yi musu tazara iri ɗaya. Misalin da kowa ke kwaikwayo shi ne lambun Ryoanji a Kyoto, fili mai tsawon wajen mita 25 da faɗin mita 10, wanda ba shi da itace ko ɗaya, sai duwatsu 15 a rukuni 5 cikin farar tsakuwa da a ke sharewa da manjagara. An tsara su yadda duk inda mutum ya zauna a baranda ba zai ga dukansu a lokaci guda ba.

A awon kashi ɗaya cikin 12, tsakuwa ta kan koma rairayi mai laushi, manjagara ta koma ɗan tsinken matsefi, a kan kuma ɗiga gam da aka tsinka da ruwa don layukan su tsaya. Itace da siraran wayoyi a ke murɗa shi, a raba su a sama su zama rassa, a ƙasa su zama saiwoyi. Gansakuka a kan yi ta da soso da aka niƙa aka rina. Ruwan tafki kuwa wani ruwan roba ne garai-garai da ke daskarewa, a zuba shi kaɗan-kaɗan bayan an rina gindin tafkin. Sai a ƙara fitilar dutse, da kwatarniyar wanke hannu, da shingen gora. Shi ma wannan lambun akwati ya sami wani amfani na daban: a 1965 wani masanin halayyar ɗan Adam, Kawai Hayao, ya shigo da hanyar jiyya da wasan rairayi daga Turai ya ba ta sunan hakoniwa, ta kuwa karɓu da sauri a Japan.

HALIN DA A KE CIKI

Ko shakka babu sana'ar kayan jere tana cikin matsi, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jere ɗaya a ke saya wa yarinya a rayuwarta, saboda haka girman kasuwa yana bin yawan haihuwa. A 1973 an haifi yara fiye da miliyan 2 a Japan. A 2016 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan ɗaya, a 2024 kuma ƙasa da 700,000. Bugu da ƙari, iyalai da yawa a birane suna zaune ne a 'yan ƙananan ɗakunan bene, inda babu filin kafa matakala mai hawa 7, balle wurin ajiye akwatunanta har wata 11. Abin da a ke fi saye yanzu shi ne sarki da sarauniya kaɗai bisa hawa guda. Hawa biyu na ƙasa, na kabad da adaka da keken shanu, su ne farkon abin da aka zubar, kuma su ne abincin masassaƙi da mai shafe da maƙeri. Wanda ya rage ma, kayan roba masu araha da fenti na zamani suna takara da shi.

Hatsarin rabon aiki irin na Shizuoka shi ne in hannu ɗaya ya faɗi, sauran sun tsaya. In maƙerin mariƙai ya tsufa bai bar almajiri ba, gwanintar mai zanen zinariya ba za ta fitar da kabad ba. Gwamnatin Japan ta kafa doka a 1974 don tallafa wa sana'o'in gargajiya. Kafin a sa sana'a cikin jerin, sai an tabbatar yawancin aikin da hannu a ke yi, kuma dabarun da kayan aikin sun kai shekara 100 a na amfani da su. Wadda ta shiga ta kan sami taimako wajen horar da magada da neman kasuwa. Kayan jeren Shizuoka sun shiga a 1994. A Iwatsuki kuma an buɗe gidan adana 'yan tsana a 2020. Sai dai doka tana iya biyan kuɗin koyo, amma ba ta iya samar da mai saye.

Akwai kuma tambayar inda tsofaffin jere za su, bayan 'yan matan sun girma sun bar gida. Mutanen Japan ba su son jefa 'yar tsana a juji. Tun 1988 garin Katsuura na lardin Tokushima ya ke karɓar waɗanda iyalai suka daina jerawa, ya kan kuma baje wajen 30,000 a wuri guda kowace shekara, baƙi na zuwa kallo daga nesa.

A gidajen da har yanzu a ke jeren, da zarar 3 ga Maris ta wuce sai a fara shirin kwashewa, domin akwai camfin cewa in an yi jinkiri auren yarinyar zai yi jinkiri. A kan jira ranar da babu danshi, a kaɗe ƙura da gashin tsuntsu, a naɗe fuskar kowace 'yar tsana da takarda mai laushi ba tare da yatsa ya taɓa ta ba, a goge 'yan akwatunan, a sa maganin asu, a mayar da kome mazauninsa sai baɗi.